Gwanjon Lambar Mota: Ina Kuɗin Ke Zuwa?

Tambaya: Malam, na ji ana gwanjon lambar mota a Dubai. Ina kuɗin ke shiga, kuma akwai irinsa a Kano? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Ana yi kam. A Afrilun 2023 an sayar da lamba P7 a Dubai kan dirhami miliyan 55, kuɗin suka shiga asusun ciyar da mabukata. A Birtaniya kuwa hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, DVLA, ke gwanjon, cinikin ya wuce baitulmali. Gajartar lamba ce ke sa tsada, don lamba ɗaya tilo ba ta da ta biyu.

A Kano ba gwanjo ake yi ba, farashin lambar alfarma, wato wadda mai mota ke zaɓar sunan da za a rubuta a kanta, a ƙayyade yake. Ka je ofishin rajistar motoci na Hukumar Tara Haraji ta Jiha da takardar kwastan, rasidin sayen mota, inshora da katin shaida. Ka rubuta sunan da kake so da wani na ko-ta-kwana, domin Hukumar Kiyaye Haɗurra, mai buga farantin, ba ta maimaita wanda aka riga aka ɗauka. Kuɗin na shiga asusun gwamnati.

Inda ake tafka asara shi ne hannun 'yan kamasho. Su kawo faranti mai sheƙi, amma babu shi a rumbun bayanan hukuma, sai an tare mutum a hanyar Zariya asiri ya tonu. Ka biya ta banki, ka karɓi rasidi, ka tabbatar lambar bodin motarka ta dace da ta jikin takardu harafi da harafi.