Ku Tambayi Malamin Kimiyya: Lambobin Taitireshan Sun Ƙi Haɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a sakandare a garin Gombe. Mun yi taitireshan, wato ɗiga asid a kan alkali har su kashe juna don a auna yawan da ya ci. Asid ɗin HCl ne, alkalin kuma Na2CO3. Mun yi sau uku, sai na samu mililita 24.10, 25.30 da 24.70 na asid. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ɗigo ɗaya daga biyuret, dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗigo asid da shi, kusan mililita 0.05 ne, ke kuwa tazararki 1.20 ce, wato wajen ɗigo 24. Wannan ya wuce kuskuren ido, daga kayan aikin ne.

Fara duba tsinin biyuret, ƙasa da famfonsa. Kumfar iska na laɓewa a can. Da ta fita ana tsakiyar aiki, asid zai sauka a ma'auni alhali bai shiga fulas (kwalbar da ake ɗiga asid a cikinta) ba, sai lamba ta hau. Buɗe famfon da ƙarfi ki kore ta kafin ki ɗauki karatun farko, ki kuma cire mazurari daga sama, don yana ci gaba da ɗiga a ɓoye.

Sai ɗauraya, inda ɗalibai suka fi ruɗewa. Biyuret da asid ɗin za ki ɗauraye shi, fifet (siririn bututun da kike auna mililita 25 na Na2CO3 da shi) kuma da ruwan Na2CO3, don ragowar ruwa na tsarma sinadari. Fulas kuwa ruwan distil kaɗai, wato tataccen ruwan da ba gishiri a cikinsa. In kika ɗauraye shi da Na2CO3, kin ƙara abin da ba ki auna ba. Ɗan ɗigon da ke maƙalewa a bakin fifet kada ki hure shi, an riga an cire shi a lissafin mililita 25 ɗin.

Metil oranj, sinadarin da canjin launinsa ke nuna lokacin tsayawa, ɗigo biyu ko uku ya isa. Sa farar takarda ƙarƙashin fulas, kina juyawa, ki tsaya da zarar rawaya ta koma ruwan lemo. In ya yi ja, kin zarce. Awon farko gwaji ne, ba ya shiga matsakaici. Nemi biyu da tazararsu ba ta wuce 0.10 ba.

Tambaya: Malam, ina kula da ɗakin gwaji na wata makaranta a Bauchi. Na narka giram 4.0 na alkalin NaOH a lita ɗaya ta ruwa, amma ƙarfinsa bai kai mola 0.1 ba (mola ma'aunin ƙarfin sinadari ne a ruwa).

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, sinadarin ne ba shi da amana. Yana zuƙar danshi da iskar CO2 tun yana kan sikeli, balle da damina. Ka lura yadda ƙwayoyinsa ke yin naso. Ka ɗauki Na2CO3, dangin kanwa, ka busar da shi a zafin digiri 270 na Selshiyas na awa ɗaya, ya huce a rufe. Giram 1.325 cikin mililita 250 zai ba ka mola 0.05. Da shi ka tantance ƙarfin HCl, da HCl ɗin ka tantance NaOH. Ruwan burtsatse kuma kada ya shiga wannan aiki, gishirin da ke cikinsa na iya cin asid.