Sulallan zinare da ake talla a Facebook: in saya da kuɗin adashena?

Hajiya, kin ce daga Bauchi kike, kin ga talla ana cewa sulallan zinare ne "'yan kaɗan aka buga, kuɗinsu zai ninka," kina so ki zuba kuɗin adashenki. Don Allah ki dakata tukuna.

Abin da za ki fara tambaya shi ne nauyin zinaren da ke ciki da kuma karat ɗinsa, wato ma'aunin tsantsar zinaren. Oza ɗaya ta zinare giram 31.1 ce. Misali, sulen zinare na Afirka ta Kudu da ake kira Krugerrand, wanda aka fara bugawa a 1967, karat 22 ne, nauyinsa kusan giram 34, amma zinaren da ke ciki oza ɗaya cif. Ko'ina aka san shi, farashinsa kuma yana bin na zinare a kasuwar duniya.

Waɗannan na talla kuwa, da yawansu ruwan zinare kawai aka shafa wa tagulla. Akwati mai sheƙi da takardar shaida ba sa ƙara musu ko kwabo. Wannan "'yan kaɗan" ɗin ma, ai mai sayarwa ne ya yanka adadin da kansa. Abin yana min ciwo, domin masu guminsu ake yi wa wannan romon baka.

Kafin ki biya, a kai sulen wurin mai sayar da gwal da kika yarda da shi a kasuwar Wunti, ya auna, ya gwada, ya faɗa miki nawa zai saya yau. In mai tallar ya ƙi yarda a gwada, ki riƙe kuɗinki.