Wai Wikipedia na biyan dala a kan kowace maƙala?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Sakkwato. Wata uku ke nan ina rubutu a Wikipedia ta Hausa da kuɗin datana. Wani ya ce in kawo naira 5,000 ya yi mini rajista, a riƙa biyana dala a kan kowace maƙala. Hankalina bai kwanta ba. In ƙarya ne, da me shafin yake rayuwa?

Amsa: Ƙanena, kada ka ba shi ko kwabo. Buɗe asusun rubutu a Wikipedia kyauta ne, kuma tun da aka kafa Wikipedia a 2001 ba a biyan marubutanta a kan maƙala. Gidauniyar Wikimedia da ke Amurka, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urorin ajiya da ma'aikata, ta hanyar gudummawar masu karatu, ba tare da talla ba. Tana ba ƙungiyoyi tallafi don taron horarwa, data da kuɗin mota, kuma sai an kawo rahoton yadda aka kashe.

Wannan jita-jitar ta dala ta ishe ni. Kusan duk taron da na je koyarwa, kafin in buɗe kwamfuta wani zai ɗaga hannu: “Malam, yaushe za a fara biya?” Wanda ya shigo da wannan niyya yawa yake nema. Sai ya kwaso maƙalar Turanci, ya zuba a injin fassara, ya manna ko dubawa bai yi ba. Na taɓa kwana ina gyaran irin wannan, jimla bayan jimla, babu wadda Bahaushe zai gane. Ranar da ya fahimci babu dala sai ya ɓace, ya bar wa ’yan sa-kai ƙalilan shara. Ga kuma ’yan damfara masu karɓar kuɗin manya wai za su buɗe musu shafi. Tun 2014 ƙa'idar Wikimedia ta wajabta wa duk wanda wani ya biya don ya yi rubutu a shafin ya bayyana hakan, wanda ya ɓoye kuwa ana iya toshe asusunsa.

Abin da ke ƙona mini rai, a garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sultan Bello da Nana Asma'u suka bar mana tarin rubutu ake wannan cinikin. Idan data ce damuwarka, nemi ƙungiyar editocin Hausa na Wikimedia, ku tsara taro ku nemi tallafi a fili. Kafin nan, je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da littafinka da biro, ka rubuta mana maƙala ɗaya mai madogara a kan Hubbare, inda kabarin Shehu yake.