Amsa: Fentin tsohuwar mota a gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fentin mai na gwangwani, irin na ƙofofin ƙarfe, zai yi wa tsohuwar Corolla ɗinka. Zai yi, haka na yi wa tawa a nan Jidda.

Wahalar tana wurin guga. Kankare tsatsa sai ƙarfe ya fito, sannan ka bi da samfefa mai lamba 400 da ruwa. Sirka fentin da tina, ka shafa kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya kwana kafin ka ƙara. Don Allah kada ka yi da rana tsaka, saman fentin zai bushe ciki yana ɗanye, ya yamutse. Ni bayan asuba nake yi, in yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Kuma ka bar ta a kalarta, a nan Saudiyya canza kala sai da izinin Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci.