Amsa ga mai tambaya kan ziyarar tsibiran Farne don kallon tsuntsayen teku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Newcastle, ka ga tallar wata tafiya ta kwanaki tare da ɗan jagora zuwa tsibiran Farne da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila, kana kuma son sanin ko ta cancanci kuɗin, musamman da yake kana tunanin zuwa a watan Satumba bayan ka miƙa kundin bincikenka. Na sha zuwa wurin, kuma abin da zan fara jan hankalinka a kai shi ne lokacin da ka zaɓa, domin ya fi maganar kuɗin muhimmanci.

Tsuntsayen da ake zuwa gani ba mazauna tsibiran ba ne. Rayuwarsu a tsakiyar teku take, haihuwa kaɗai ke kawo su tudu. Fafin, wato ɗan tsuntsun nan mai faffaɗan baki ja da ɗorawa wanda hotonsa ke kan kowace talla, yakan iso ne wajen Afrilu, ya saka ƙwai ɗaya tak a cikin rami, kuma kafin ƙarshen Yuli yawancinsu sun koma ruwa. Idan ka je a Satumba, duwatsu za ka tarar da karnukan teku, waɗanda su ma abin kallo ne, amma ba su ne ka tambaya ba. In da hali, ka saci yini ɗaya tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Yuli, lokacin da ƙwai ya ƙyanƙyashe. A lokacin ne za ka ga fafin ya taso daga ruwa da ƙananan kifaye jere a bakinsa, yana sauri ya faɗa raminsa kafin wasu tsuntsayen da ke fakonsa a bakin ramin su ƙwace abincin ɗansa. Ƙidayar da aka yi a 2024 ta nuna akwai ma'aurata kusan 50,000 na wannan tsuntsu a tsibiran, saboda haka ba sai ka wahala da nema ba.

Jiragen ruwan suna tashi ne daga ƙaramin garin Seahouses, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga inda kake, kuma wannan kusancin ne ya sa nake ganin tafiyar kwanaki ba ta zama dole gare ka ba. An shirya irinta ne don wanda ya taso daga nesa, yana buƙatar masauki da mota da abinci a dunƙule. Kai tikitin jirgi na yini ya ishe ka, sai dai ka lura cewa iri biyu ne: akwai wanda ke zagaya tsibiran kawai, akwai kuma wanda ke sauke mutane a tsibirin Inner Farne na kimanin awa ɗaya. Na biyun za ka nema. Kuɗin sauka daban ake biya wa hukumar National Trust, wadda ke kula da tsibiran tun 1925, kuma ba ya cikin kuɗin jirgi. Ka kuma sa a ranka cewa igiyar ruwa na iya hana sauka ko da rana tana haske, don haka ka tambayi ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi ko sauya rana kafin ka biya.

Ban ce ɗan jagora ba shi da amfani ba. Wanda ya je karon farko ido kawai yake bazawa, hayaniya da warin kashin tsuntsaye su cika masa kai, ya dawo da hotuna masu yawa ba tare da ya fahimci abin da ya gani ba. Jagora nagari zai tsayar da kai a gaban dutse guda, ya nuna maka yadda wani tsuntsun teku da ake kira gilimot ke ɗora ƙwansa a kan tsurar dutse ba sheƙa, ya kuma gaya maka cewa ɗan yakan diro daga saman dutsen zuwa teku yana da kimanin mako uku, tun bai iya tashi ba, uban kuma shi ke raka shi. Amma ma'aikatan da ke zaune a tsibirin duk tsawon lokacin haihuwar suna tsaye a bakin hanya, suna amsa tambaya kyauta, kuma saninsu ya kai na kowane jagoran haya. Idan duk da haka ka fi son jagora, ka tambayi yawan mutanen da yake ɗauka, domin hanyar katakon da ake bi siririya ce, wanda ke ƙarshen ayari mai yawa ba ya jin komai.

Kada ka manta da hula mai kauri. Da zarar ka hau daga mashigar jirgi za ka ratsa ta inda wata ƙaramar tsuntsuwar teku da ake kira tan na Aktik ke sheƙa a ƙasa, dab da ƙafar mai wucewa, kuma tana kare 'ya'yanta kamar kaza mai 'yan tsaki, sai dai ita ta sama take zuwa, ta sari tsakiyar kai har ta fitar da jini. Kada ka kaɗa mata hannu ko jaka, ka dubi inda kake taka ƙafa, ka wuce a natse. Tsuntsuwar nauyinta bai wuce giram 100 da 'yan kai ba, amma masu bincike na jami'ar Newcastle sun bi sawun wata daga waɗannan tsibirai, suka bayyana a 2016 cewa ta yi tafiyar kilomita 96,000 zuwa yankin Antaktika da dawowa, kuma ta gefen yammacin Afirka ta bi a hanyarta ta kudu.

Akwai kuma abin da nake roƙonka. Murar tsuntsaye ta yi mummunar ɓarna a 2022, ma'aikata suka kwashe gawar tsuntsaye kusan 6,000, aka hana sauka har zuwa bazarar 2024. Saboda haka idan aka ce ka taka tabarmar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka taka da kyau, kada ka taɓa gashin tsuntsu ko mushe, kada kuma ka bar hanyar katako don neman hoto, domin ƙasar cike take da ramukan fafin, taku ɗaya na iya rufta rami a kan ɗan tsako.

Ka tafi da rigar ruwa da rigar sanyi ko a watan Yuni ne, ka sha maganin jiri kafin jirgi ya tashi idan teku na juya maka ciki, ka kuma ari madubin hangen nesa maimakon ka saya. Tikitin makonnin da na ambata yakan ƙare da wuri, musamman na Asabar da Lahadi, don haka ka kama naka tun yanzu, kuma ka duba sanarwar hukumar kan tsibirin da aka buɗe a bana.