Faifan wasa na hannu da lambar da aka riga aka ci

Tambaya: Barista, na sayi faifan wasan PlayStation na hannu a wani shago a Kano. Wasan yana tashi, amma wani sashe a kulle yake, wai sai da lambar da ke cikin kwali, kuma mai shi na farko ya riga ya yi amfani da ita. Zan iya maka kamfanin a kotu?

Amsa: Malam, ka bar batun kamfani, asarar kuɗi kawai za ka yi. Faifan naka ne, kana iya sayarwa ko kyautarwa. Ita kuwa lambar, izini ne da kamfani ya ba mutum ɗaya, kuma ta manne da asusunsa tun ranar da ya shigar da ita.

Dabarar ta daɗe. A 2010 kamfanin wasanni na EA ya fito da tsarin Online Pass, wanda ya tilasta wa mai sayen na hannu ƙara dala 10 kafin ya buga ta intanet. Ƙorafi ya yi yawa, suka janye shi a 2013, amma kulle ƙarin kaya da lamba bai mutu ba. Kotunan Turai ma ba su cika goyon bayan mai saye ba. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta halatta sake sayar da manhajar da aka sauke, a shari'ar UsedSoft da Oracle. Sai dai da ƙungiyar masu saye ta Faransa ta ja kamfanin Valve kotu kan wasannin Steam, shagonsa na sayar da wasanni ta intanet, nasarar da ta samu a 2019 ta rushe a ɗaukaka ƙara a 2022. Masu ƙungiya da lauyoyi ke nan, balle kai.

Wanda hannunka zai iya kaiwa gare shi mai shago ne. In ya ce maka komai na ciki, ko ya san lambar ta mutu ya yi gum, dokar Najeriya ta kare masu saye ta 2018 ta hana irin wannan yaudara. A fiƙihu ma, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. In kuwa ya faɗa maka ka yarda saboda araha, ba ka da ta cewa.

Ka fara komawa wurinsa da kwali da shaidar tura kuɗi, ka nemi canji ko ragi. In ya ƙi, shugabannin kasuwa sun fi kotu saurin kashe irin wannan, sannan hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Kada kuma ka yarda a sayar maka da asusun mai shi na farko a madadin lambar: sharuɗɗan Sony, kamfanin PlayStation, sun hana, suna iya rufe shi ko yaushe.