Kawu, Ga Yadda Muke Sauka a Filayen da Babu Mai Gadi

Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp ya iso, har da muryoyin 'yan majalisar ƙofar gida da nake jiyowa ta bayanka, kowa na jefo tasa. Ashe hoton da yara suka nuna maka, wanda nake tsaye jikin ƙaramin jirgi a wani fili mai ciyawa, ya tayar da ƙura a Fagge. Wasu sun ce na yi kuɗi na ɓoye wa dangi, wasu sun ce aikin tuƙin jirgi na koma. Taka tambayar ce ta fi nauyi: wa ke ba ku izinin sauka a irin waɗannan wurare, wa ke tarbarku, me kuma kuke zuwa nema?

Bari mu sallami 'yan majalisa tukuna. Jirgin ba nawa ba ne ni kaɗai. Karo-karo muka yi, mu shida, uku Hausawa (ɗaya ma ɗan Maraɗi ne), sauran Amurkawa abokan aiki. Sunansa Cessna 172, inji ɗaya, farfela ɗaya, kujeru huɗu. Tun 1956 ake ƙera irinsa, an yi sama da 44,000, namu kuma ya girmi wasu daga cikin masu shi. Kowane wata kowa ya ba da nasa kason na wurin ajiya da inshora da makanike, in ka tashi da shi ka biya kuɗin awa. Wanda bai shiga karo-karo ba haya yake yi, kamar dala 150 zuwa 200 a awa a wajenmu nan jihar Maryland ta Amurka. Ba zan ce maka araha ba ne. Amma masu yin sa a nan malaman makaranta ne, da masu gyaran famfo, da manoma, da tsofaffin sojoji. Lasisin da nake da shi ma bai yarda in ɗauki fasinja don kuɗi ba. Iyakarta mu raba kuɗin mai da na haya daidai wa daida da waɗanda na ɗauka. Don haka a gaya wa Alhajin da ya ce zai riƙa turo mini 'yan kasuwa, ya yi haƙuri.

Lasisin kansa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ce ke bayarwa. Sai mutum ya kai shekara 17, likita ya duba shi, ya ci jarrabawar rubutu, ya yi aƙalla awa 40 a sama, goma daga ciki shi kaɗai babu malami, sannan mai jarrabawa ya hau tare da shi. Yawancin mutane sai sun haura arba'in ɗin nan da nisa kafin su shirya. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, sai an ɗauki zanen yatsunsa an bincike shi kafin a fara koya masa.

To, maganar izini. A Kano, filin jirgi ɗaya muka sani, na Malam Aminu Kano, da shingensa da jami'ansa da hasumiyar da ke ba jirage umarni. Shi ya sa da ka ji an ce filin jirgi, wannan hoton ne ke zo maka. A Amurka akwai filayen da kowa ke iya sauka wajen 5,000, waɗanda ke da hasumiya kuwa ba su wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Sauran duk babu mai cewa sauka ko kada ka sauka. Titi ne guda na kwalta ko na ciyawa, da famfon mai, da ɗan ofis, da wani dogon buhun yadi ruwan lemo a kan sanda wanda iska ke hurawa, da shi kake gane inda take kaɗawa. Ranar Lahadi da yamma sai ka sauka ka tashi ba ka ga mutum ko ɗaya ba.

Na san abin da za ka ce: to yaya ba sa karo? Abin da ke riƙe da wurin shi ne kowa yana faɗin inda yake. Kowane fili da tashar rediyonsa, an rubuta lambarta a taswira. Saura kamar mil goma ka iso, sai ka danna ka faɗi sunan filin, ka faɗi ko kai wane jirgi ne, ta ina ka ɓullo, tsawon ƙafa nawa kake, wane titi kake nufi, ka sake rufewa da sunan filin domin wani garin ma yana iya amfani da tashar. Duk wanda ke kusa yana ji, shi ma ya faɗi nasa. Kuma ba a zuwa kai tsaye a faɗa wa titi. Akwai zagayen da aka sani, ƙafa 1,000 sama da ƙasa, juyawa ta hagu sai in taswira ta ce dama, kowa ya shiga sahu a bayan wanda ya riga shi, a kowace kwana ya sake sanarwa. Ana sauka ne ana fuskantar iska, ita ce ke zaɓar maka bakin titi. Lambobin da ke rubuce a bakin titin ma ba ado ba ne, alƙiblarsa ce a kamfas aka cire sifilin ƙarshe. Babban titin Kano 06 ne ta wani baki, 24 ta ɗayan, wato digiri 60 da 240. Babu ɗan sanda a sama, Kawu. In ka tsallake sahu ba wanda zai kama ka a ranar, amma gari ƙarami ne, lambar jirginka na rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa, kuma tsofaffin nan ba sa mantuwa.

Da daddare ma babu mai kunna maka fitila. Kai za ka kunna daga sama: ka danna maɓallin rediyo sau bakwai a jere, fitilun titi su kama da ƙarfi, sau biyar su rage, sau uku su yi ƙasa, bayan minti 15 su mutu da kansu. Mai kuma kai za ka sha da hannunka. Ka sa kati, ka maƙala wayar da ke kwashe tartsatsi a jikin jirgi, ka hau tsani ka zuba a fiffike. Man shuɗi ne, kafin ka tashi sai ka tsiyayi kaɗan a kwalba ka duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne motar baƙi. A filaye da yawa akwai wata tsohuwar mota, sau tari wadda 'yan sandan garin suka gama yayi da ita, makullinta na rataye a ofis. Ƙofar ofishin da lambobi ake buɗe ta, kuma galibi lambar rediyo ce da duk matuƙi ya sani. Ka rubuta sunanka a littafi, ka ɗauki mota ka shiga gari ka ci abinci, ka ƙara mata mai ka dawo da ita. Ba wanda ya ƙirga maka. Kai da ka yi shekaru kana bin hanyar Kano zuwa Nguru ka san masallatan gefen titi, inda matafiyi ke tarar da buta da randa da tabarma babu mai tsaro, ya yi alwala, in mai hali ne ya ɗebo ruwa ya mayar saboda na baya. To haka abin yake. Duk abin da ka ji ana faɗa kan mutanen ƙasar nan, wani gaskiya ne, amma wannan amanar suna da ita, kuma ina ganin ita ce ta riƙe harkar fiye da kuɗi.

Kada in yi maka ado da yawa. Yawancin waɗanda ke zaune a filayen ƙauye fararen dattawa ne, in baƙin mutum mai suna irin namu ya buɗe ƙofar jirgi ya sauko, akan yi ɗan shiru. Abin da na lura shi ne shirun ba ya daɗewa, domin da wani ya tambayi shekarar jirgin ko irin injinsa, hira ta ɓarke. Mu ma muna da tsarinmu. Ranakun Asabar na rani sukan yi taron karin kumallo, jirage su yi ta sauka, a yi ta soya fanke da ƙwai a rumfar ajiye jirgi. Naman da ke gefe na alade ne, kuma sau da yawa a kasko ɗaya ake yi, don haka mu shayi da fanke muke ɗauka in mun ga an raba kaskon, in ba haka ba mu buɗe kular da aka haɗo mana daga gida. Dambun nama ne abincin tafiyarmu, na nan gida muke yi tunda kwastan ba sa barin a shigo da nama daga Najeriya. Sallah kuwa kamfas na jirgi ya sauƙaƙa mana neman gabas, wadda daga nan arewa maso gabas take. Mu shimfiɗa darduma a ciyawa gefen fiffike, in tafiyar ta kai nisan ƙasaru mu yi. Akwai wani shiri nasu tun 1992 da matuƙa ke ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 kyauta su zaga da su. Mun sa yaran masallacinmu a ciki, iyaye mata suna ƙasa suna ta salati har a sauko.

Me muke zuwa nema? Su da kansu suna yi wa kansu dariya, suna cewa mutum ya ƙona dala ɗari don ya ci burodi da nama a wani gari. Amma akwai dalili. Doka ta ce ba ka ɗaukar kowa sai ka yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, duk shekara biyu kuma malami ya sake gwada ka. Hannu in bai motsa ba yana yin sanyi, kuma kowane sabon fili da darasinsa. Akwai tsibirin Tangier a tsakiyar ruwan Chesapeake, babu gada, mutanensa 'yan ɗaruruwa ne masu kamun ƙaguwa, titinsa bai kai ƙafa 2,500 ba, ruwa gaba ruwa baya. Na Kano ya haura mita 3,000, wato wajen ƙafa 10,000, ka kwatanta. Akwai wani filin a Kill Devil Hills, jihar North Carolina, dab da inda 'yan uwan nan Wright suka fara tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903, tashin da ya ɗauki daƙiƙa 12. Kusa da mu kuma ga College Park, wanda ke aiki tun 1909, sai dai shi saboda kusancinsa da Washington sai an tantance ka an ba ka lambar sirri. A ƙarshen watan Yuli kowa hankalinsa na Oshkosh a jihar Wisconsin, inda jirage wajen 10,000 ke haɗuwa mako guda, mutane su kafa tanti ƙarƙashin fiffike.

Na ji Inna tana tambaya a bayanka, in injin ya mutu fa. Ka gaya mata jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Yana sulalowa ne, duk ƙafa 1,000 na tsawo tana ba ka tafiyar mil ɗaya da rabi ko kusa da haka, shi ya sa in za mu ƙetare ruwa muke hawa sama sosai mu kuma sa rigar ruwa. Duk shekara makanike mai lasisi yana kwance shi ya duba. Abin da ya fi kashe masu ƙananan jirage ba inji ba ne, taurin kai ne: mutum ya ga hadari ko hazo ya ce sai ya je, ko ya yi wasa da lissafin mai, alhali doka ta ce kada ka tashi sai da man da zai kai ka inda za ka har da ragowar rabin awa da rana, minti 45 da dare. A ƙungiyarmu wanda ya fasa tafiya saboda yanayi ba a yi masa tsiya.

Ka ce me ya hana a yi haka a gida. Ai Kano ce ta fara ganin jirgi a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a filin dawaki, ba hasumiya ba kwalta. Makarantar koyon tuƙi ta Zariya tana nan tun 1964. Garuruwa irin su Azare da Potiskum da Nguru duk an yi musu ƙananan filaye. Da irin jirginmu, Kano zuwa Katsina bai kai awa ɗaya ba. Sai dai shuɗin man nan wahalar samu yake a Najeriya, kayan gyara da dala ake saye, kuma halin tsaro ya sa hukuma ba za ta so ƙaramin jirgi ya riƙa sauka inda babu mai gani ba, ni ma ban ga laifinta ba. Ga yanayi. Irin tuƙinmu da ido ake yi, sai kana hango aƙalla mil uku, hazon Disamba da Janairu kuwa har manyan jirage yake hana sauka a Kano. Zafin Afrilu kuma yana sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya ci titi mai yawa kafin ya ɗaga, sai dai a yi sammako. Duk da haka ina ganin matsalarmu babba ita ce mun bar jirgi ya zama kayan gwamna da attajiri, yaro a Kurna yana kallon cikinsa kullum yana wucewa ta kan gidansu, bai taɓa jin cewa makanike da malamin makaranta na iya haɗa kuɗi su tuƙa ɗaya ba.

Batun in tuƙo shi zuwa Kano da Babbar Sallah, a cire rai. Tankinsa ba ya wuce mil ɗari shida ko kusa da haka, masu ƙetarawa da irinsa sai sun bi ta Kanada da Girinlan da Aislan, kuma sana'arsu ce. Ku dai ku zo, in Allah ya sa bizar ta fito. Amma ka shirya Inna tun yanzu: in an cika tanki, abin da ya rage wa mutane da kaya bai fi kilo 250 ba, don haka kowa sai ya hau sikeli kafin ya shiga, har da ita, har da jakarta. A gaida 'yan majalisa, a gaida mutanen gida baki ɗaya.